Mai Gadin da Ba Ya Gyangyaɗi

Duk wadda ta taɓa ɗora tukunyar wake a murhu ta san buɗe murfi sau ɗaya ba ya ba ta labarin girki. Ta leƙa ta ga ruwa na tafasa, ta rufe, ta ɗauki guga ta nufi rijiya. Kafin ta dawo wuta ta mutu, wani yaro ya hura, ta sake mutuwa, iska ta sake tayar da ita. Ta dawo ta leƙa, ga ruwa na tafasa kamar yadda ta bar shi. A idonta wuta ba ta taɓa tsayawa ba. Wake kuwa ya san abin da ya faru, shi ya sa za a ji shi garas-garas a haƙori.

Ma'aunin zafi irin wanda muka saba da shi, wanda ake sa wa yaro a hammata ko ake ratayewa cikin firij, leƙen tukunya ne kawai. Gaskiya yake faɗa, amma gaskiyar wannan daƙiƙar. Ka tambaye shi abin da ya faru da ƙarfe uku na dare, ba shi da ta cewa. To yanzu akwai ƙanensa da ya fi shi wayo. 'Yar na'ura ce da ba ta fi wayar hannu girma ba, tana auna zafi tana rubutawa a cikinta, da kwanan wata da sa'a. Ka dawo ka danna maɓalli ta jero maka duk abin da ya wuce, in ka so ka jona ta da kwamfuta ka buga a takarda. Mai gadi ne riƙe da biro. Ba ya gyangyaɗi, ba ya zuwa wurin mai shayi, kuma ba ya jin nauyin maigida.

A nan kudancin Jigawa, inda mai gadin nan ya fi samun aiki shi ne firijin allurar rigakafi. Kwalbar da za a yi wa jariri allura da ita a Sara ko Basirka ko Fagam a ƙaramar hukumar Gwaram, ko a Kantoga da Sundimina a ta Birnin Kudu, tafiyar amarya take yi kafin ta iso. Daga babban ɗakin sanyi na ƙasa a Abuja zuwa na shiyya a Kano, daga nan zuwa na jiha a Dutse, sai ma'ajiyar ƙaramar hukuma, sai ƙaramin asibitin mazaɓa, sai akwatin sanyi a bayan babur zuwa ƙauye da ruga. A kowane zango akwai masu karɓa, kuma kamar yadda dangin amarya ke cewa ga amana nan, haka ake miƙa ta. Sharaɗin amanar guda ne: ta zauna tsakanin digiri 2 da digiri 8.

Wannan tsakani siriri ne kamar bakin rijiya, ka karkata nan ka faɗa ciki, ka karkata can ka sha ƙasa. Ruwa na daskarewa a sifiri, yana tafasa a 100, jikin mai lafiya na wajen 37, ranar watan Afrilu a Birnin Kudu kuwa takan haye 40 ba ta ko waiwaya ba. Ruwan randar da muke yabawa da tsakar rani bai ko kusanci sanyin da allura ke so ba. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta jiha a Dutse, ya yi suna a duniya da tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a kai. Ruwa na tsatsafowa ta jikin yumɓu, iska na ɗauke shi tare da zafin, sai gauta da tumatir da alayyafo su yi kwanaki ba su yanƙwane ba. Har kyautar Rolex ya samu a shekarar 2000. Dabara ce mai albarka ga mai kayan miya, amma allura ta fi tumatir tsada da tsirfa. Ita sai firij, kuma firij sai da mai lura.

Mutane da yawa sun ɗauka zafi ne kaɗai abokin gaba, wai in abu ya yi ƙanƙara ai ya fi kyau. Ga ɗigon shan inna da allurar ƙyanda, zafi ne babban dodo. Amma ga allurar nan mai haɗin biyar, wadda ke tare mashaƙo da tarin shiƙa da sarƙewar haƙora da ciwon hanta da wata ƙwayar da ke kawo sanƙarau da ciwon huhu, daskarewa ce ajalinta. Ta yi ƙanƙara sau ɗaya ta narke, shi ke nan, ta zama kamar nonon da ya tsinke, duk burgawar da za a yi masa da maburgi ba zai koma yadda yake ba. Bambancin kawai shi ne nono yana nuna kansa, kwalbar allura kuwa tana nan da kyanta. Ma'aikata suna da gwajin girgizawa, su kaɗa kwalbar da ake zargi tare da wadda aka daskarar da gangan su ga wadda garinta ya fi saurin kwanciya, kamar kunun da ya kwana, ruwa a sama, gasara a ƙasa. Sai dai wa zai yi gwajin in ba a gaya masa firij ya yi ƙanƙara da asuba ba? Nan ne amfanin mai gadi.

Yadda yake jin zafi ba tsafi ba ne. Irin wanda masu gyaran firij ke riƙewa a hannu yana da doguwar waya mai siririn baki, a bakin nan an haɗe ƙarfe biyu masu hali daban. Kamar ka ɗaura sa da jaki a garma ɗaya ne: ka yi musu tsawa ɗaya, jan da za su yi ba zai zo ɗaya ba, kuma daga yadda garmar ta karkace mai hankali zai gane ƙarfin tsawar. Zafi ya taɓa ƙarafan nan, wata 'yar wutar lantarki mitsitsiya ta taso saboda bambancin halinsu, na'ura ta auna ta ta mayar da ita lamba. Wani Bajamushe, Thomas Seebeck, shi ya gano haka tun 1821. Ƙananan da ake kwantarwa cikin firij kuwa galibi wata ƙwaya ce a cikinsu da ke buɗe wa lantarki hanya ko ta matse ta gwargwadon zafi, yadda mai lambu ke buɗe bakin kwari ko ya toshe shi da laka.

Abin da ta auna sai ta zuba a rumbunta, kuma rumbu komai girmansa yana cika. Akwai wata sananniyar na'urar hannu ta kamfanin Fluke da ke ɗaukar awo 500. Ka ce mata ta rubuta duk minti ɗaya, kafin ka tashi daga aikin yini ta cika. Ka ce duk minti goma, za ta kai ka kwana uku da ɗoriya. Mai kanti ma haka yake da littafin bashi: in zai rubuta kowane ƙullin gishiri a layinsa, littafi ba zai ga ƙarshen wata ba, in kuma ya ce sai sati-sati zai rubuta, rabin bashin ya bi iska. Saboda haka kafin ka bar na'ura ta kwana, ka san tazarar da ka ba ta. Ka kuma san halinta in ta cika. Wata tsayawa take yi cak, wata kuma sai ta riƙa kwashe tsohon hatsi tana zuba sabo. Wadda aka fi gani a firijin rigakafi, irin su Fridge-tag ta kamfanin Berlinger na ƙasar Suwizalan, tana riƙe labarin kwana 30 a fuskarta, kowace rana da nata shafin.

In ka danna maɓallin duba baya, lambobi biyu za su fara gaishe ka: mafi zafin da aka kai a ranar, da mafi sanyi. Duk wanda ya taɓa leƙa rijiya bayan damina ya san irin wannan karatu. Ruwa ya janye, amma ga layin danshi da gansakuka a bango yana cewa nan na kawo. Ba sai ka kwana a bakin rijiyar ba. Haka lambobin nan biyu suke, su ne iyakar da zafi da sanyi suka taka suka koma, kuma na'urar kirki tana ƙara maka da sa'ar da abin ya faru da tsawon lokacin da ya ɗauka.

Akwai lamba ta uku mai daɗin baki da ya kamata a yi hattara da ita, wato matsakaici. Tuwo ne ya ƙone a gindin tukunya, samansa kuma ɗanyen gari, sai mai girki ta ce in aka haɗa aka raba ai ya dahu daidai. Wa zai ci? Firijin da ya sauka ƙasa da sifiri da asuba, ya hau 12 da azahar, matsakaicinsa na iya fitowa 5 ko 6, lamba mai kyau kamar ta ɗan makaranta mai ƙoƙari, alhali allurar ciki ta sha duka ta gaba da ta baya. Matsakaici na lissafin ofis ne. Mai son lafiyar yaro iyakokin nan biyu yake fara dubawa.

Mai gadin ba ya ihu don kaza ta gifta. An koya masa bambanta ɓarawo da baƙo. Ka buɗe firij ka ɗauki kwalba, zafi ya ɗan leƙo ya koma, ba zai tayar da unguwa ba. Amma bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, in zafi ya haye 8 ya zauna awa goma a jere, ko sanyi ya sauka rabin digiri ƙasa da sifiri ya yi awa guda, sai alamar daidai da ke fuskarsa ta koma alamar kuskure, irin wadda malami ke ja da jan biro. Dubi bambancin: awa goma ga zafi, awa ɗaya tak ga ƙanƙara. Zafi gara ce, a hankali take cin azara. Ƙanƙara kuwa gobara ce.

Daɗin abin yana fitowa ne in ka jera kwanaki kusa da juna, musamman in kwamfuta ta zana maka su layi mai hawa da sauka. A nan ka zama mai bin sawu. Bafulatanin da ya tsaya a burtali ya dubi ƙasa zai gaya maka shanu nawa suka wuce, da safe ne ko da yamma, har da wadda ke ɗingishi. Layin zafi ma sawu ne. Ka ga 'yan tsini-tsini da hantsi a ranar da mata ke kawo yara, wannan sawun hannu ne, ana yawan buɗe murfi. Ka ga layi na hawa a hankali kowane dare yana sauka in rana ta fito, firijin sola ne ke gaya maka ajiyar sanyinsa ba ta kai shi gari ya waye, wataƙila ƙurar hunturu ta lulluɓe faifan da ke kan rufi, tsumma da ruwa kawai yake nema. Ka ga yana nutsewa ƙasa da asubahin watan Janairu, a duba saitin firijin, ko kuma an jingina na'urar da bangon da ke yin ƙanƙara. Ka ga ya tashi daga yammacin Juma'a bai sauko ba sai Litinin, ba sai an kira boka ba, wuta ce ko mai, ko wani ya zare soket ya sa cajin waya. Kowane sawu da maganinsa, kuma yawancin magungunan ba su kai kuɗin kwalba goma ba.

Inda aka ajiye mai gadi ma magana ce. Wanda aka zaunar a zaure ba zai ba da labarin abin da ya shiga ta bayan katanga ba. Na'ura tsakiyar kwalabe take kwana, inda allurar take, ba a bakin murfi ba, ba a manne da bango ba. Mai miya ma sai ta juya take ɗanɗanawa, ba ta lasar gefen tukunya ta yanke hukuncin gishiri.

To me ya kawo bugawa a takarda, tunda ga shi a fuskar na'ura? Abin da ya sa ake rubuta takarda in an sayi gona, ko da an yi ciniki gaban mai unguwa da shaidu. Shaidu na tafiya, rumbun na'ura na juyawa, batirinta ma yana da wa'adi, in ya ƙare an gama da ita. Takarda ce ke zama. Sabbin na'urorin suna da baki irin na filashi, ka soka a kwamfuta rahoto ya fito da kansa, na wajen wata biyu, rana bi rana, ka kai shagon da ake buga takardu a bakin tasha a fitar maka. Da wannan takarda mai kula da asibiti zai je gaban na sama da shi ya ce, "Yallaɓai, ga abin da firijinmu ke yi da dare, a turo mana mai gyara." Magana ta bar ance-ance, gani ya kori ji. Da ita mai gyara zai san inda zai sa hannu tun kafin ya kwance jakarsa. Da ita kuma za a wanke ma'aikacin da ya riƙe amana in wata rana aka zo neman mai laifi.

Sai dai takarda ma iri-iri ce. Wasu na'urorin hannu suna da 'yar firinta mai fitar da siririyar takarda irin rasit ɗin mai POS. Duk wanda ya taɓa ajiye rasit ɗin nan a aljihun gaba ya san bayan 'yan watanni fari fat yake komawa, don da zafi aka rubuta shi, zafi kuma ke goge shi. Mutanen da suka zana shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa a Birnin Kudu sun san inda ake ajiye abin da ake so ya daɗe, ga zanensu nan har yau ana zuwa kallo. Mu ma in rahoto ya fito a irin wannan takarda, a yi masa hoto da waya, a yi kwafinsa a takardar gaske, a sa a fayil. Kada a share rumbun na'ura sai an tabbatar kwafin ya fito. A kuma duba agogonta tun ranar da aka kunna ta, don shaidar da ya ce abu ya faru ran Talata alhali ran Asabar ne, ya ɓata shari'a ko da duk sauran maganarsa gaskiya ce.

Akwai takardar da ake liƙawa a jikin firij, ana cike ta da hannu sau biyu a rana, safe da yamma, har ranakun hutu. Na'ura ba ta zo don ta kore ta ba, ta zo ne ta zama abokiyar shaidarta. Amma kowa ya san akwai inda za ka tarar da takardar nan 5, 5, 5 daga farkon wata har ƙarshe, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, kamar an shuka su a zama guda. Firijin da ake buɗewa ana rufewa ba ya zama a lamba ɗaya wata cur, yadda farashin gero ba ya kwana ɗaya a kasuwar Sara daga kaka har bazara. Tsoro ne ke haifar da irin wannan rubutu. In duk ranar da alamar kuskure ta fito sai an ci mutuncin ma'aikaci, to zai koyi ɓoye ta. Ya kamata manya su gane cewa wanda ya kira ya ce, "Yallaɓai, jiya firij ya yi ƙanƙara, na ware kwalaben, a zo a duba," shi ne ma'aikacin da ya cancanci yabo. Ba a dukan mai gadi don ya ce ya ga ɓarawo.

Shi ma mai gadin a riƙa gwada shi. Mudun kasuwa in ya sha duka yana lotsewa, shi ya sa ake kara shi da wani mudun da aka yarda da shi. Gwajin na'urar hannu mai sauƙi ne: a cika kofi da dakakkiyar ƙanƙara, a ɗan zuba ruwa, a juya, a tsoma bakin wayar a jira. In ta nuna sifiri ko dab da shi, lafiya lau. In ta nuna 3 ko 4, to duk abin da ta rubuta a baya da lauje cikin naɗi, sai a kai ta gyara ko a canza.

Uwar da ta goyo ɗanta daga Kila ko Kiyako ba za ta ga duk wannan ba, amma ita ma an bar mata nata ɗan gadin a jikin kwalba. Wani ɗan da'ira ne mai duhu, da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarsa. Tun 1996 aka fara manna shi a kwalaben ɗigon shan inna, yanzu ya bazu zuwa sauran. Kamar ayaba yake, zafi na taruwa yana rinewa, kuma ba ya komawa. Muddin na tsakiyar ya fi da'irar haske, allura na da rai. In ya yi duhu ya saje da ita, ta tashi daga aiki. Ba rashin kunya ba ne uwa ta ce, "Malama, don Allah in ga tambarin kwalbar." Ma'aikaciyar kirki za ta ce, "Ga shi, maman yaro, kin ga cikin da haskensa." Illa dai tambarin nan zafi kawai yake gani, bai san ƙanƙara ba. Wannan sai na'urar cikin firij.

Kuma ba allurar yara kaɗai ke buƙatar irin wannan gadi ba. Jinin da ake ajiyewa a manyan asibitoci irin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu yana da nasa siririn tsakanin. Allurar da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini tana rasa ƙarfi in ta sha zafi. Insulin na masu ciwon suga a kemis haka yake. Rigakafin awaki da kaji da ke fitowa daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, in ya dahu a hanya, ruwa kawai makiyayi ya saya. Mai injin ƙyanƙyasar ƙwai ma da zai san abin da injinsa ke yi tsakar dare, da ya daina zargin mai sayar masa da ƙwai.

A watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira. Kwalabe ne masu rai suka yi wannan aiki, ɗigo bayan ɗigo, gida bayan gida. Mashaƙon da ya addabi Kano da maƙwabtanta a 2023 ya tuna mana cewa cuta ba ta tafiya hutu. Allurar da ta mutu a firij cuta biyu take yi: ta bar yaro ba kariya, ta kuma sa uwarsa ta ce ai an yi masa kuma ya kamu, maƙwabta su ji su ƙi kawo nasu. Yarda kuwa in ta zube, ta fi man ja wuyar kwashewa.

Don haka kira nake ga masu kula da asibitocin Birnin Kudu da Gwaram, da jami'an sanyi na ƙananan hukumomi, da kwamitocin ci gaban mazaɓu da masu unguwanni. Na'urar nan ta riga ta yi nata, tana rubutawa dare da rana. Saura namu. A danna maɓallin kowace safiya da kowace yamma, a rubuta abin da aka gani ba abin da ake so a gani ba. A buga rahoton kowane ƙarshen wata, a zauna a karanta shi tare, a adana shi. In alamar kuskure ta fito, a ware kwalaben a kira na gaba a ranar, kada a bari sai an zo zagaye. Mai gadin da ba a sauraron rahotonsa, da shi da babu duk ɗaya ne, kuma 'ya'yanmu ne ke kwance a gidan da yake gadi.